Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙafar Baffa

A makon jiya na yi alƙawarin ba da labarin komawarmu Magarya, amma tun daren Talata ƙafar Baffa take tsaye a raina, saboda haka masu jiran wancan labari su yi mini haƙuri. Hunturu ne ya tayar da ita, domin na leƙa Goggo a unguwar Birni ta Damagaram na tarar da kaskon garwashi daf da tafin ƙafarta, alhali ta daɗe tana fama da ciwon sukari, har ta kai idan ƙaya ta soke ta ba ta sani sai ta ga jini.

Majonmu na farko, wato shugabanmu mu ma'aikatan jinya a asibiti, Allah ya jiƙansa, dattijo ne mutumin Gure, kuma magana ɗaya yake maimaita mana har muka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa: "Taɓa ƙafa kafin ki taɓa alƙalami." Idan ya shigo zagayen safe ba ya duban takardar da ke rataye a gado sai ya yaye zanen majinyaci, ya ɗora bayan hannunsa a ƙafar dama, ya mayar a ta hagu, yana hawa daga yatsu zuwa gwiwa domin ya ji inda ɗumi ya ƙare sanyi ya fara. Daga nan sai ya laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, in bai samu ba ya hau bayan gwiwa, in nan ma shiru ya kai matsematsi. Shi ya koya mini in danna farce har ya yi fari, in saki in ƙirga, idan daƙiƙa 3 ta wuce launi bai komo ba to jini ba ya isa wurin yadda ya kamata. Littattafan da muka karanta a makaranta suna cewa fata za ta yi fari ko shuɗi, amma a jikin baƙar fata aka rubuta su ne? Majo ya ce mu duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Matan Damagaram kuwa sun ƙara mana aiki da lalle, wanda yake rufe farce da tafin gaba ɗaya, sai dai mutum ya koma ga hannunsa da kunnensa.

Abin da ya fi dagewa a kai shi ne bambancin ƙafa biyu da jama'a suke yi wa kuɗin goro. Akwai wadda jini ya kasa komawa daga gare ta zuwa zuciya: tana kumbura, tana da ɗumi, fatar wajen idon sawu ta yi duhu, gyambonta mai ruwa ne. Wannan ana ɗaga ta a kan matashi, a naɗe ta da bandeji mai matsewa. Akwai kuma wadda jini ya kasa isowa gare ta saboda hanyarsa ta tsuke: tana da sanyi, gashinta ya zube, fatar tana sheƙi, farce ya yi kauri, kuma zafinta yana tsananta da dare idan mutum ya miƙe a gado. Wanda ya ɗaga wannan ko ya matse ta, ya ƙwace mata ɗan jinin da ya rage.

A kan wannan bambanci aka ba ni takardar neman bayani, wadda ita kaɗai na taɓa samu a duk tsawon aikina, kuma tana nan cikin akwatina har yau. Abin ya faru ne a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da kayan ɗaurin ciwo suka yi tsadar da sai dangi sun yi karo-karo kafin su saya. Majo ya riga ya yi ritaya. An kwantar da wani tsoho dillalin fatu daga Zango, mai shan taba tun ƙuruciya, da ɗan gyambo a babban yatsa da kumburi har ƙwauri. Wani matashin likita ya dubi kumburin daga bakin gado, ya rubuta a naɗe ƙafar a ɗaga ta. Ni kuwa na kwana biyu ina aikin dare, na ga tsohon nan ba ya barci sai a zaune, ƙafarsa tana reto a gefen gado, domin ta haka kaɗai zafin yake lafa masa. Reton ne ya kawo kumburin. Ƙafar sanyi ƙalau take, kuma na laluba har bayan gwiwa ban ji bugu ba.

Na ce masa, "Likita, don Allah ku taɓa ƙafar nan kafin in naɗe ta." Ya ce shi ba a koya masa aiki a gaban majinyata. Ban naɗe ba, na rubuta abin da hannuna ya ji da lokacin da na ji shi, na lulluɓe ƙafar da bargo mara nauyi, na bar ta ƙasa da ƙirjinsa kaɗan. Washegari likitan fiɗa ya zo, ya yaye bargon, ya laluba, ya soke umarnin ba tare da ya ce uffan ba. Takardata kuwa babu wanda ya janye ta. Ƴaƴan tsohon ma sun yi fushi da ni saboda bandejin da suka saya bai yi amfani ba. Na yafe wa matashin nan tuntuni, kuma na ji ya zama babban mutum a fanninsa, amma takardar ba zan ƙona ta ba.

To ga abin da yake ci mini rai. Ni da na tsaya wa baƙo a gaban likita, ban iya tsaya wa ƙanin mahaifina a tsakar gidanmu ba. Baffa ya fara ne da tsayawa a hanya. Daga gida zuwa masallacin Juma'a na ƙofar fada sai ya tsaya sau biyu, ya dafa katanga kamar mai jiran wani, domin sha-raɓarsa tana ƙullewa, in ya huta kaɗan ta sake shi. Wannan alama ce da ko ɗalibar shekarar farko ta san ta: tsoka tana neman jini lokacin tafiya, hanya kuma ta tsuke. Na durƙusa na ce, "Baffa, ku bar ni in duba ƙafarku." Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, sanyi ne kawai, ke komai sai kin kai shi likita." Na sami Yaya Babba na faɗa masa cewa taba ce take rufe jijiyoyin, kuma kada a bari kowa ya sa aska a wannan ƙafa. Ya ce mini wanzamin gidanmu ya yi wa kakanmu ƙaho tun ba a haifi uwata ba.

Aka yi masa tsaga a ƙwauri ranar da nake bakin aiki. Ba na zagin wanzamai, domin sana'ar da suka gada suke yi, amma ciwo ba ya warkewa sai da jini, kuma ƙafar da jini ba ya isa gare ta ko yankan farce yana iya zame mata ajali. Tsagar ba ta rufe ba, aka bi ta da garin magani, aka riƙa gasa ta da ruwan zafi, sai da yatsu biyu suka yi baƙi suka bushe kafin a aiko a kira ni. Taɓa ƙafa kafin ki taɓa alƙalami, in ji Majo, amma bai gaya mini yadda mace ƙarama za ta taɓa ƙafar babba in ya hana ba. Da na matsa tun ranar farko, ko da za a ce ba ni da kunya, wataƙila da yatsa kaɗai za a cire. An yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Ni na yi jinyarsa bayan haka, kuma duk hankalina ya koma kan ƙafar da ta rage, domin cutar da ta ci ɗaya tana nan cikin ɗayar. Ina juya shi duk bayan awa 2, ina sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa domin diddige ya tashi daga katifa, ina share tsakanin yatsunsa bayan kowace alwala, ina shafa man kaɗanya a kaushi amma ban da tsakanin yatsu. A shekarun nan ruwa wahala yake a Damagaram kamar kullum, sai na riƙa ware masa tulu guda daga abin da ƴan garuwa suka kawo. Na gargaɗi Inna cewa duk ranar da ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, da zafi mai tsanani ko mutuwar jiki, kada a jira gari ya waye, domin bayan kamar awa 6 tsoka takan fara mutuwa. Taba kuwa ya bar ta da kansa, ban sake roƙonsa ba. Yaya Babba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban tayar ba.

Kaskon Goggo na janye shi zuwa bakin ƙofa, na sa mata safa mai laushi, na duba tafin ƙafarta da tocila tana ta mita cewa na mayar da ɗakinta asibiti. Bugun yana nan a ƙafa biyun, ko da yake na hagu ya yi rauni, kuma na ce wa jikarta ta kawo ta a auna sukarin ranar Litinin. Labarin Magarya sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.