Laraba a wurin gini: filasta a ƙasa, allon jifsam a sama

Laraba, tsakiyar hunturu, Kaduna. Ƙarfe bakwai da rabi aka buɗe wurin aiki, hazo ya rufe gari, ruwan tanki kamar ƙanƙara. Yau aiki iri biyu ke gudana a gida ɗaya. A ƙasa magina suna filastar falo, a saman bene kuma masu allon jifsam, wato faifan farin ma'adini mai kama da alli da aka lulluɓe da takarda fuska biyu, suna raba babban ɗaki gida biyu. Alhaji mai gidan ya so a ɗora bulo, injiniya ya ce a'a, domin babu bim, wato gadar kankare mai ɗaukar nauyi, a ƙarƙashin wurin. Bangon bulo inci 6 da filastarsa fuska biyu yana haura kilo 200 a kowane murabba'in mita, na allo kuwa bai kai kilo 30 ba. Nan maganar ta mutu.

Tun jiya da yamma aka shirya bangon falon. An kankare tsinin siminti da ya zazzago tsakanin bulo, an cike ramukan da mai wayarin ya sassaƙa don bututunsa, an ɗora ragar waya a kansu. An kuma sa raga a duk inda bulo ya haɗu da fila ko linta, ta haura kowane ɓangare da kamar santimita 10. Kankare da bulo ba sa motsi tare idan zafi da sanyi suka sauya, shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga tsaga miƙe sambal a gefen fila, kamar an ja ta da rula. Fuskar filar kuma santsi gare ta, filasta ba ta kama ta, don haka an watsa mata kunun siminti mai kauri an bar shi ya kwana ya yi ƙaiƙayi.

Da safe aka fara da yashi. An zuba kaɗan a gorar ruwa, aka girgiza, aka ajiye. Bayan sa'a guda yashin ya kwanta, lakar da ta taru a samansa siririya ce, wato ya yi. Yashi mai laka yana da daɗin shafawa, magina na son sa, amma yana shan ruwa da yawa, in ya bushe ya tsuke ya bar tsaga kamar saƙar gizo. An tankaɗe shi a rariya, aka haɗa buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki takwas na yashi, wato ɗaya bisa huɗu, tunda buhu ɗaya kusan kwano biyu ne. A kaurin milimita 15, wannan kwaɓin yana rufe murabba'in mita 8 zuwa 9, in an cire abin da ke zuba ƙasa.

Wurin da filasta ke cin sunanta shi ne daidaita bango. Da aka ja igiya aka sa ma'auni, bangon gabas ya fito da ciki a tsakiya, ya kuma kwanta baya da kusan santimita 2 da rabi a kusurwar sama. Babban magini ya manna ɗan dunƙulen siminti nan da can, tazarar kamar mita ɗaya da rabi, duk fuskarsu a layi ɗaya. Su ne jagora. Aka jiƙa bulo, ba har ya yi ta tsiyaya ba, sai dai ya daina ƙishirwa, aka fara jifa da cokali, ana jan miƙaƙƙen alminiyon daga dunƙule zuwa dunƙule ana yanke abin da ya yi yawa. Da aka zo kusurwar nan mai zurfi, yaron da ke koyo ya so ya cike ta gaba ɗaya. Babban ya ce masa, "Kai yaro, tsaya. Sa rabi, ka karce shi, gobe a ƙarasa." Ya ce, "To, Baba." Gaskiyar Baba ce. Filasta in ta wuce santimita 2 a shafi ɗaya nauyinta ne ke jan ta, ta saki bulo ta ciki alhali waje lafiya lau. Sai bayan wata biyu ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa kamar ganga.

Kwaɓin da ya wuce sa'a guda a ƙasa an hana a ƙara masa ruwa a farfaɗo da shi. Leburori na ganin asara ce, amma simintin da ya fara kamawa in aka sake dama shi ƙarfinsa ya tafi, shi ne filastar da ake gogawa da yatsa tana zubar da gari.

Wajen sha ɗaya na hau sama. Can babu ruwa, babu yashi, sai ƙarar injin ɗaure sukuru. Sun riga sun kafa layin ƙarfe a ƙasa da sama, sun tsayar da sanduna tazarar santimita 60 daga tsakiya zuwa tsakiya, saboda faɗin allon santimita 120 ne, tsawonsa 240, kauri milimita 12 da rabi. Kowane baki na allo dole ya faɗa kan sanda. An ɗaga allon daga ƙasa da santimita ɗaya don kada ya sha ruwan goge-goge. Sukuru kowane santimita 30, kansa ya ɗan nutse amma kada ya huda takardar. In ya huda, ba ya riƙe komai, sai a sa wani kusa da shi. Mahaɗar allunan fuskar nan ba a bari ta yi daidai da ta ɗaya fuskar ba, kuma a saman ƙofa an yanka allon ya zagaye kusurwar maimakon a yi haɗi a kanta, domin nan bugun ƙofa ke fara tsaga bango.

Abin da ya kamata mai gini ya gane shi ne, a wannan aikin miƙewar bango tana cikin ƙarfen. Sanda ɗaya ta karkace, allo zai bi ta, kuma babu kwaɓin da zai ɓoye. Abin da ake shafawa a kai aikinsa rufe mahaɗa da kan sukuru ne kawai. Bakin allon ta tsawo an ɗan fiƙe shi tun daga masana'anta, in biyu suka haɗu sai su ba da ɗan kwari. A nan ake shafa kwaɓin farko, a kwantar da tef na takarda, a matse shi da wuƙa mai inci 6 har iskar ƙarƙashi ta fita. Gobe shafi na biyu da wuƙa mai inci 10, jibi na uku da mai inci 12, kowanne ya fi na baya faɗi da sirantaka, sannan samfefa mai laushi. Inda aka bar tef babu kwaɓi a ƙarƙashinsa zai kumbura bayan fenti. Inda aka cika guga kuma takardar allon za ta tashi gashi.

A Amurka, inda allon ya yaɗu ya ture tsohuwar filasta mai shafi uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun kasa wannan gamawa mataki-mataki daga 0 zuwa 5. Wanda na bayyana shi ne na 4, shi ne na yau da kullum. Na 5 ana bin bangon duka da shafi siriri. A Ingila ma sun saba bin allon da filastar jifsam mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Amfaninsa ya fito fili yau da la'asar, da rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a jikin bangon: duk ɗan tudu sai da ya yi inuwa. Takarda da kwaɓi ba sa shan fenti iri ɗaya, in aka sa fenti mai sheƙi za a ƙirga mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. An yanke shawarar wannan fuskar za a bi ta duka, ɗayar da ba ta samun haske a bar ta a na 4.

Alhaji ya zo bayan la'asar, ya ƙwanƙwasa allon da ɗan yatsa, fuskarsa ta nuna bai gamsu ba. Ya ce, "Malam, wannan zai ɗauki talabijin kuwa?" An nuna masa falankin da aka ɗaure tsakanin sanduna kafin a rufe, daidai inda za a rataye ta. Da an manta da shi, da sai an farke. Maganar ƙara kuma, bango mai rami a ciki yana ratsa magana, shi ya sa aka cusa audugar gilashi a tsakani. Duk da haka ba zan ce ya kai bulo ba. A banɗaki da kicin ma ban ba da shawararsa ba ko da koren allon nan ne mai jure danshi, domin jure danshi daban, jure yoyon famfo daban. Ta fannin gobara dai yana da nasa alheri, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne a ɗaure, sai ya ƙone ya fita kafin zafi ya ratsa.

Tambayarsa ta biyu ita ce yaushe za a yi fenti. Sama, nan da kwana huɗu ko biyar, bayan an sa fentin share fage. Ƙasa kuwa sai an yi kwana bakwai ana ba filasta ruwa safe da yamma, sannan a bar ta ta cika mako huɗu kafin sikiridin, wato shafin nan siriri da ke sa bango santsi, da fenti. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, yana cin fenti, danshin ciki kuma yana turo farin gishiri waje ya ɓare shi. Bai ji daɗin lissafin ba, amma bai musa ba.

Kafin magariba aka rufe tagogin falon da buhunan siminti da leda, saboda iskar hunturu tana iya shanye ruwan filasta kafin siminti ya gama kamawa. Bango uku aka gama, buhu shida suka tafi. An bar wa maigadi bokiti da tsintsiya ya yayyafa wa bangon da aka yi da safe ruwa bayan isha'i, wanda aka yi da yamma kuma kada ya taɓa shi sai gari ya waye.