Unguwar Cali a Kudancin Landan

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Landan ya tambaye ni inda nake so ya kai ni ranar Asabar. Ya zaci zan ce fadar sarki ko filin ƙwallo. Na ce masa Kennington.

"Kawu, me ke Kennington? Ai gidajen mutane ne kawai."

Na ce unguwar Cali ce. Bai gane ba sai da na kwatanta masa: ɗan guntun gashin baki, hula, sanda, wando burgujeje, da takalman da suka fi ƙarfin ƙafa. Mu da muka tashi a Zariya zamanin talabijin mai baƙi da fari, Charlie Chaplin bai taɓa zama baƙo a wurinmu ba. Ba ya magana, saboda haka ba ma bukatar mai fassara. Duk yaron da ya cika ban dariya a ajinmu, Cali muke ce masa.

Mun sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Elephant and Castle, muka miƙe titin Walworth a ƙafa har kasuwar East Street. Ga doya, ga busasshen kifi, ga Yarbanci na tashi ta ko'ina. A wannan layi ne Chaplin da kansa ya ce an haife shi, ranar 16 ga Afrilu, 1889, ko da yake ba a taɓa samun takardar haihuwarsa ba. Iyayensa duka mawaƙa ne a gidajen rawa. Uban ya bar gida tun yaron yana ƙarami, giya kuma ta kashe shi a 1901. Uwar, Hannah, muryarta ta dushe, ta koma ɗinki don ta ciyar da Charlie da wansa Sydney, ɗinkin ma bai riƙe su ba.

Daga nan muka nufi wurin da ya kawo ni. A bayan titin Renfrew akwai wani tsohon gini na bulo wanda a yau gidan tarihin silima ne, sai ka nemi izini tun kafin ranar ake shigar da kai. Da can ɓangare ne na gidan gajiyayyu na Lambeth, inda hukuma ke tara waɗanda talauci ya kayar. Nan aka shigo da Hannah da 'ya'yanta biyu a 1898, Charlie na da shekara tara. Dokar gidan ita ce a raba uwa da ɗa tun daga bakin ƙofa, a aske wa yara kai, a karɓe tufafinsu a ba su na gidan. A ciki an cika ɗakuna da tsofaffin majigi, kujerun silima da rigunan masu raka 'yan kallo wurin zama. Ɗan ƙanwata ya duƙufa ɗaukar hoto. Ni kuwa matakalar benen nake kallo, ina tuna fim ɗin Chaplin na 1925, The Gold Rush, inda yunwa ta sa ya dafa takalminsa ya zauna ya ci shi da wuƙa da cokali mai yatsu. Na yi dariya har da hawaye ina yaro. A kan matakalar nan na gane cewa wanda ya tsara wannan wasa ya san yunwa a cikin cikinsa.

Titin Methley ba nisa. Gida mai lamba 39, inda su Charlie suka taɓa zama, yana nan, da ɗan allo a bangonsa. A zamaninsu akwai kwata a ƙarshen layin, ana wucewa da tumaki ta ƙofar gidansu. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1964 ya ba da labarin ranar da wata tunkiya ta ƙwace, mutane suka bi ta suna tuntuɓe suna faɗuwa, shi ma yana ta ƙyalƙyala dariya. Da aka kama ta aka mayar, sai ya tuna inda za a kai ta, ya ruga wurin uwarsa yana kuka. Duk wanda ya taɓa shaƙuwa da ragon layya yana yaro ya san wannan kukan. A ganina, daga wannan layi fina-finansa suka samo ɗabi'arsu ta sa ka dariya sannan su bar ka da ƙunci a ƙirji.

Sauran labarin duniya ta san shi. Ya bi ƙungiyar 'yan wasan barkwanci ta Fred Karno zuwa Amurka a 1910, ya fara fim a 1914, zuwa 1916 ana biyansa dala 670,000 a shekara. Bai taɓa karɓar takardar zama ɗan Amurka ba, kuma a 1952, yana cikin jirgin ruwa a hanyar Ingila, aka soke masa izinin komawa bisa zargin ra'ayin gurguzu. Ya zauna a Suwizalan har ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977. Abin da ya fi taɓa ni shi ne uwar. Taɓin hankali ya kama ta tun a 1898, ta yi shekaru tana shiga tana fita asibiti. Ya ɗauko ta zuwa Kalifoniya a 1921, ya sama mata gida da masu jinya, ta rasu a can a 1928.

La'asar ta same mu a lambun Kennington, ƙafata ta fara ciwo, muka samu benci muka zauna. Na ba ɗan ƙanwata labarin dabarar da Hannah ta yi lokacin da aka kai yaran makarantar marasa galihu ta Norwood. Ta ce ta sallami kanta daga gidan gajiyayyu, dole aka dawo mata da 'ya'yanta. Ta kawo su wannan lambu, suka sayi 'ya'yan itace da 'yan kwabban da Sydney ya ƙulle a hankici, ya dunƙule jarida ya ɗaure da zare suka yi ƙwallo. Da yamma ta kama hannunsu suka koma gidan, aka sake raba su.

Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, wanne zan fara kalla?"

Na ce The Kid, na 1921. Ya ciro waya ya nemo shi, muka raba abin sauraren kunne, muka kalla a kan bencin har sanyi ya tashe mu.