Asabar: na raka maƙwabcina gasar bilakjak ta farko

Shekara shida ke nan ina koyar da lissafi a Las Vegas, kuma kafin yau ban taɓa tsayawa a bakin teburin caca ba, duk da cewa a garin nan har a filin jirgin sama akwai injinan caca. Maƙwabcina ne ya jawo, dattijon Ba'amurke da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, wanda yarana suke kira Baba. Idonsa ya yi rauni har likita ya hana shi tuƙi, shi ya sa tun ranar Laraba ya roƙe ni in kai shi wani gidan caca da ke wajen tsakiyar gari, inda ya yi rajistar shiga gasar bilakjak, wani wasan karta na caca, karo na farko a rayuwarsa. Na gaya masa a fili cewa addinina ya haramta caca, kuma ba zan taɓa karta ko kwabo ba. Ya ce mota kawai yake so, sai kuma wanda zai tsaya masa a baya.

A hanya ya yi ta bitar ƙa'idodin wasan da ƙarfi, kamar ɗalibi a ranar jarrabawa. Ana so jimillar kartar mutum ta fi ta mai rabawa kusa da 21 ba tare da ta zarce ba. Sarki da sarauniya da jak kowanne 10 ne, mai harafin A kuwa 1 ne ko 11, gwargwadon abin da ya fi amfanar mai shi. Mai rabawa ba shi da zaɓi, dole ya ƙara karta matuƙar bai kai 17 ba. Dattijon ya haddace jadawalin nan da ke nuna lokacin ƙari da lokacin tsayawa, wanda asalinsa lissafi ne da wasu sojojin Amurka huɗu suka wallafa a 1956, kafin Edward Thorp ya faɗaɗa shi da taimakon kwamfuta ya fitar da littafinsa a 1962. Shekara talatin yana wasa da wannan jadawali, saboda haka ya shiga da ƙwarin gwiwa, yana ganin gasa ba za ta zo masa da wani sabon abu ba.

Tun a teburin rajista na fara ganin bambancin. Ya biya dala 50, aka ba shi lambar teburi da ta kujera da takardar dokoki. Kowane ɗan gasa an ajiye masa kwabban roba na 1,000, waɗanda ba su da wata daraja a wajen gasar, kuma ba a canza su da kuɗi. Za a raba karta sau 25, mafi ƙarancin abin da ake zubawa 10, mafi yawa 500, kuma cikin mutum shida da ke teburin, wanda ya fi kowa kwabbai a ƙarshe shi kaɗai zai wuce zagaye na gaba. Doka ta ce kwabban kowa su kasance a jere a fili, launi-launi, kuma abin da mutum zai zuba ya tura shi gaba ɗaya, babu ƙari babu ragi bayan ya saki. Mu 'yan kallo aka tsayar da mu bayan igiya, aka gargaɗe mu cewa ko da ido aka ga mun ba wani shawara za a fitar da mu tare da shi.

Akwai wani farin faifan roba da ke matsawa kujera ɗaya bayan kowane rabo, kuma wanda faifan yake gabansa shi ne ke fara zubawa, shi ne kuma ke fara wasa. Da farko na ɗauka tsari ne kawai na adalci, sai da aka yi rabo biyar ko shida na gane cewa a nan gasar take. Mutum shidan nan mai rabawa ɗaya suke fuskanta, saboda haka idan mai rabawan ya zarce 21, duk wanda bai riga ya ƙone ba, wato bai zarce 21 ba, to ya ci, idan kuma ya samu 20 ko 21 yawancinsu sun faɗi tare. Tunda ci da faɗuwa sukan zo musu tare, abin da ke raba su shi ne yawan abin da kowa ya zuba, kuma wanda ya zuba daga baya ya riga ya ga na sauran. A wasan yau da kullum mutum da gidan caca yake yi, amma a nan abokin hamayyarsa shi ne wanda ke zaune kusa da shi, mai rabawa kuwa ya zama kamar damina, wadda ke sauka a kan gonar kowa.

Rabon farko zuwa na goma sha biyar ba su da wani labari. Wani saurayi ya zuba 500 sau biyu a jere, ya tashi tun ba a je ko'ina ba, wasu biyu suka bi bayansa. Dattijona yana ta zuba 20 da 30, sannan ya ci manya guda biyu. Bayan rabo na 20 aka dakata, ma'aikaci ya ƙirga kwabban kowa ya faɗa da ƙarfi, kuma wannan ne ƙidayar ƙarshe. Daga nan kowa idonsa da ƙwaƙwalwarsa.

Da aka zo rabo na 25 saura mutum uku. Dattijona yana da 1,450, wata mata mai furfura da ke damansa tana da 1,300, na ukun kuma 300 kacal, wanda ko me ya samu ba zai kamo su ba. Na san adadin matar domin tun daga rabo na 21 nake biye da shi a kaina, kuma na ga lokacin da ta ninka kuɗinta ta ci, a daidai lokacin da dattijon yake kallon tasa kartar. Ita ta fara zubawa, ta tura 500. Shi ne na ƙarshe, wato yana kan kujerar da kowa yake fata, kuma abin da ya kamace shi bai fi ya tura 500 kamar yadda ta yi ba: idan suka ci tare yana gaba da 150, idan suka faɗi tare ma haka. Ya sunkuya ya ƙura wa jerin kwabbanta ido na tsawon lokaci, leɓensa yana motsi, sannan ya tura 200. Daga baya ya gaya mini cewa 1,100 ya ƙirga mata, baƙaƙen kwabbai biyu na 100 sun ɓace masa, kuma a bisa wannan ƙidayar 200 ta wadatar, tunda 1,650 ta fi 1,600. Lissafinsa daidai ne, lambar da ya ɗora shi a kai ce ba daidai ba.

Matar ta samu 20 ta tsaya. Shi ya samu 12, mai rabawa yana nuna 6, ɗaya kartarsa a rufe. Jadawalin da ya haddace ya ce a tsaya, kuma a kowace rana ta daban gaskiyar jadawalin ce. Amma a yau idan ya tsaya, hanya ɗaya ce kawai ta rage masa, ita ce mai rabawa ya samu 21 daidai, domin ko ya ci 200 ɗin nan matar za ta kai 1,800. Mafitarsa ita ce ya ninka, ya karɓi karta ɗaya, ya nemi 1,850, kuma a kan 12 karta mai daraja 10 ce kawai za ta ƙona shi. Ina tsaye bayansa da taku uku, ina ganin duk wannan kamar a kan allo, hannuna a cikin aljihu, bakina a rufe. Ya kaɗa hannu a kan kartarsa alamar ya tsaya. Mai rabawa ya buɗe 10, ya zama 16, ya ja 9, ya zarce. Dattijon ya ɗaga hannu yana murna, sai da ma'aikaci ya ƙirga ya ce 1,800 da 1,650 sannan ya sauke shi a hankali. Wannan 9 ɗin da tasa ce, da ta ba shi 21, kuma da ko me mai rabawa ya ja bayanta shi ne zai wuce.

Abin da ya dame ni a kan kaina shi ne yadda zuciyata ta buga a wannan minti, alhali ko sisina babu a teburin. Na sha karanta aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida, waɗanda suka hana caca, amma ban taɓa jin jan abin a jikina ba sai yau, kuma ta ƙofar lissafi ya shigo mini, inda ban sa gadi ba. Ma'aikacin ya sanar da cewa wanda ya faɗi yana iya sake biya ya shiga wani teburin, na ga dattijon yana laluben aljihu, na ce masa lokacin sallata ya yi kuma motar za ta tashi. Na kuma lura cewa yawancin waɗanda aka fitar ba ƙofa suka nufa ba, tebura na kuɗin gaske suka zauna, kuma ina jin dalilin da ya sa gidan yake shirya gasar da araha ke nan.

A mota ya yi shiru har muka hau babbar hanya, sannan ya ce, "Malam, ka ga kuskuren tun kafin in tura, ko?" Na ce na gani, Baba. A ƙofar gida na zana masa lambobin a bayan takardar dokokin, ya kai ta kusa da hancinsa yana karantawa, ya ce ranar Litinin zai koma wurin likitan ido. Ya tambaya ko zan sake kai shi wata mai zuwa, na ce asibiti zan kai shi a kowane lokaci, amma can sai dai ya nemi tasi. Da na shiga gida maiɗakina ta shinshina rigata ta ce warin taba nake, ta sa na cire ta tun a zaure.