Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwalbar da na ɓoye wa likita

Makon jiya na tsaya ne a daren da zufa ta sa na canza zanin gado sau biyu. Lokacin ina da shekara 47, al'adata ta fara wasan ɓuya: ta zo wannan wata, ta yi wata uku shiru, ta dawo kamar an ɓalle famfo. Zafin kuwa ba ya sallama. Daga ƙirji yake tasowa, ya hau wuya, ya mamaye fuska, bayan minti uku ko huɗu ya sake ni in koma rawar sanyi. Baban yara har ya gaji da tambayar dalilin da nake kunna fanka ina kashewa dare guda.

Babbar 'yata ce ta kawo maganar. Ta same ni ina fifita da bangon littafi, ta ce, "Mama, kin taɓa jin tsirran da ake kira adaftojin?" Ban taɓa ji ba. Ta karanto mini cewa wani masanin kimiyya na Tarayyar Sobiyet, Nikolai Lazarev, shi ya ƙago kalmar a 1947, yana nufin abin da zai taimaki jiki ya jure gajiya da damuwa. Ta lissafo su: rodiyola ta ƙasashe masu sanyi irin Saiberiya, maka ta tsaunukan Peru, jinsen na Koriya da Sin, sai ashwaganda, saiwar da masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna aiki da ita. Ma'anar sunan ma "warin doki". Ranar da na buɗe kwalbar na tabbatar ba sharri aka yi mata ba.

Na fara da kafson ashwaganda mai miligiram 300, ɗaya da safe ɗaya da dare. Gaskiya ɗaya ce, na ga canji. A mako na uku barci ya fara zama, na rage farkawa, faɗan da nake yi wa yara a kan abin da bai kai ya kawo ba ya yi sauƙi. Ko saiwar ce ko sa rai ne, ni dai na ji daɗi. Amma zafin nan ko gezau. Daga baya na fahimci dalili. Abin da ake sa ran waɗannan tsirrai su taɓa shi ne kotizol, sinadarin da ke hauhawa idan mutum na cikin damuwa. Shi kuwa zafin, raguwar estirojin, wato sinadarin jikin mace mai tafiyar da al'ada, ce ke rikita sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ɗumin jiki, kuma saiwa ba ta dawo da estirojin.

Kwaɗayi ya sa na ƙaro rodiyola, na haɗiya bayan na kwanta. Idona biyu har gari ya waye. Ashe ita da safe ake shan ta. Na ture ta gefe.

Masu bin labarin nan tun farko sun san shekara shida ke nan ina shan ƙwayar levothyroxine kowace safiya, saboda tayirod ɗina, wato ƙullun nan na gaban wuya mai fitar da sinadarin da ke daidaita aikin jiki, ba ya aiki yadda ya kamata. A wata na biyu zuciyata ta fara dukan uku-uku ina zaune ba abin da nake yi. In na ɗauki allura zan zura zare, hannu sai karkarwa. Zufa ta ƙaru. Duk na ɗora wa shekaru, har na ƙara kafso ɗaya da rana.

Ranar karɓar sakamakon gwajin jini, likitar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta cire tabarau.

"Hajiya, kin ƙara maganinki ne?"

"A'a, likita."

"To me kike sha ban da shi?"

"Ba komai."

Alhali kwalbar na cikin jakar da ke kan cinyata. A tunanina saiwa ai ba magani ba ce, kuma ina jin kunyar a ce mace mai ilimi kamata tana shaye-shayen abin da ba a rubuta mata ba. Ba ta ce uffan ba, ta dai zuba mini ido. Da shirun ya ishe ni, na zuge jaka na ajiye mata kwalbar a kan tebur.

Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi ba ni kunya. Ta ce ashwaganda na iya ɗaga sinadarin tayirod, ni kuma ga wani ina sha, sai abin ya yi yawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, alamomin yawansa, wato bugun zuciya da zufa da rashin barci, su ne dai alamomin ɗaukewar al'ada. Wato ina ƙara wa wuta itace ina cewa kashe ta nake. Ta ce yawancin gwaje-gwajen da aka yi wa saiwar ƙanana ne, na mako 8 zuwa 12, kuma akwai 'yan tsirarun da ta taɓa wa hanta, ido ya yi rawaya. Ƙasar Denmak ma ta hana sayar da ita a 2023.

Sai ta tambaye ni ranar da na ga jini na ƙarshe. Na ce wata biyu ke nan. Ta ce sai an cika wata 12 cur babu ko ɗigo ake cewa al'ada ta ɗauke, kafin nan ciki na iya shiga, kuma mai ciki ba ta shan ashwaganda. Na fashe da dariya, na ce, "Haba likita, ni da nake jiran jika?" Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce in daina daga ranar, in dawo a sake gwaji bayan mako shida. Har na miƙe ta ce in zauna. Ta jawo sabuwar takarda, ta tambaya ko a danginmu akwai wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini a jijiya, domin tana so mu yi maganar maganin estirojin. Nan take mahaifiyata ta faɗo mini a rai.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.