Kuɗin ƙofar gandun daji

Asabar, da daddare.

Tun da sassafe muka isa ƙofar gandun, mu tara a mota ɗaya. Ana fara karɓar kuɗin shiga sai wani dattijo cikinmu ya ɓata rai: "Dabbar da Allah ya halitta, ita ma sai an biya za a gan ta?" Ya dai biya, yana gunaguni. Kyamarar da ke rataye a wuyansa kuwa ta ninka kuɗin nan ninkin ba ninkin.

Da hantsi muka ci karo da giwa da ɗanta suna karya rassa. Motar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar itace yana tsagewa. Na waiga, na ga dattijon ya manta da kyamarar gaba ɗaya, ya saki baki yana kallo.

Da muka tsaya hutawa, mai gadin dajin da ya raka mu ya zaro wata murɗaɗɗiyar waya daga jakarsa. Tarko ne, jiya ya cire shi a hanyar ruwa. Ga busasshen gashi manne a jiki. Ni dai idona ya tsaya a kan takalminsa, wanda ya yage ta gaba, an ɗinke da zare. Ya ce babbar giwa takan ci kusan kilo 150 a yini, in ta faɗa gona da dare, manomi ya yi asarar shekara. "Baba," ya ce wa dattijon, "mutumin nan in bai ga amfanin giwa ba, ba zai hana mafarauci wucewa ba."

Nan na tuna Ruwanda. Tun 2017 baƙo daga wajen Afirka yake biyan dala 1,500 don ya yi awa ɗaya kacal tare da gwaggon birin tsauni, kuma ba a shiga fiye da mutum 8 wajen garke ɗaya. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin yawon buɗe ido yana komawa ƙauyukan da ke kewaye, a gina makarantu da asibitoci. Biran da aka fara fidda rai da su, yanzu sun haura 1,000 a Ruwanda da Yuganda da Kwango. Kuɗin ya yi yawa, ya rufe wa talaka ƙofa, wannan yana damuna ƙwarai. Amma ya yi aiki.

Wata baiwar Allah da ke gefena ta ce ita ko ninki biyu za ta biya, muddin za a nuna mata inda kuɗin ke zuwa. Gaskiyarta. Da za mu fita na duba ƙofar da kyau, ko allo ɗaya babu da ke bayanin haka.

Dattijon ya damƙa wa mai gadin wani abu a hannu, ya ce a sayi takalmi. Na ji daɗi, amma masu gadin da na gani yau sun fi goma, kuma ɗaya ne kawai ya shiga motarmu.