Injin Wanki da Lissafin Ƙarshen Wata

Ranar da na sayo injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, a farkon shekarar 2022, lissafin da ke kaina bai wuce na ƙirga motoci ba. Na ɗauka cewa idan na wanke mota goma a wuni, na ninka da kwana talatin, to ba ni da abin da zan yi wa mai albashi hassada a kai. Ban cika wata uku a bakin titi ba na gane cewa motoci ba sa zuwa bisa lissafin mai wanki, suna zuwa ne bisa yanayin gari da kuma aljihun masu su.

Da hunturu, lokacin da ƙura take lulluɓe komai kuma mutum zai zaci kasuwa ta buɗe, masu motoci da yawa sukan ce ko an wanke gobe ma haka za ta koma, sai su sa yaro ya kaɗe gilashi da tsumma su wuce. Da damina kuwa laka tana kawo aiki, amma duk ranar da hadari ya haɗu tun da safe, to a zaune za ka wuni kana kallon tiyo. Makon da ke gabanin Sallah kaɗai ne aiki yake fin ƙarfinmu, saboda kafet da dardumai da ake jibgo mana daga gidaje, sannan da an sauko daga Idi wurin ya yi tsit har kusan mako biyu. Kuɗi suna shigowa, ba na musun haka, sai dai ba sa shigowa a ranar da mai gidan haya ko makarantar yara suke bukatarsu.

Abin da ke fita kuwa ba ya fashi. Injin fetur irin nawa yana shan ruwa kusan lita 10 a minti guda, wanda ke nufin cewa minti goma na riƙe kunamar bindigar feshin ruwan ya cinye jarka huɗu ta 'yan garuwa mai lita 25, kuma duk wanda ba shi da rijiyar burtsatse a kusa ya san yadda farashin kurar ruwa yake tashi da bazara. Daga nan sai fetur. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai motar da shi ma ya fito daga gidan mai da ɓacin rai ba shi ne zai saurari dalilin da ya sa ka ƙara masa kuɗin wanki ba.

Mafita ta zo mini ne ta hannun wani dattijo abokin mahaifina, mai sayar da motocin da ake kawowa daga Kwatano. Motocinsa kusan ashirin suna jere a fili, kuma motar da ƙura ta rufe ba ta jan hankalin mai saye. Na je gaishe shi wata Juma'a, ya tambaye ni sana'a, na fara yi masa kukan rashin ciniki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, nawa za ka karɓa a wata idan kana zuwa nan duk Litinin da Alhamis?" Na ce, "Baba, ai ban taɓa lissafa aikin da wata ba." Ya ce to in je in lissafa in dawo. Abin da muka daidaita a kai, idan aka raba shi bisa kowace mota, bai kai rabin abin da nake karɓa a bakin titi ba, har na kwana biyu ina jin kamar an ƙware ni. Amma motar da ke ajiye ƙura kawai take ɗauka, ba laka ko maiƙo ba, don haka ruwa kaɗan da minti biyar sun ishe ta, kuma a karon farko na san adadin kuɗin da zai shigo hannuna ranar ɗaya ga wata tun kafin watan ya kama.

Daga nan na fara neman irin wannan aiki da gangan: wata makaranta mai zaman kanta da ke da motocin ɗaukar ɗalibai uku, masallacin unguwa da ake wanke kafet ɗinsa duk bayan wata biyu, da wasu gidaje masu daɓen intalok da gansakuka ke kamawa da damina. Aikin intalok yana da tarko, domin idan ka kusantar da bindiga sosai za ka kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, bayan 'yan makonni daɓen ya fara motsi, mai gida kuma ba zai manta wanda ya wanke ba. Haka nan kan bindiga mai launin ja, wanda ke tattara ruwa wuri guda kamar tsinin allura, ba na bari yarana su kusanci mota da shi, saboda yana iya ɗaye fenti kuma yana yanka fatar mutum. Fari ko kore muke sa wa mota. Farantan sola, da yanzu suka cika rufin gidaje, ba na ɗora musu ƙarfin inji ko kaɗan, ruwa mai sauƙi da burushi mai laushi nake amfani da su, ko da mai gidan yana ganin kamar ban yi aikin kuɗinsa ba.

Yarjejeniyar wata tana da nata ciwon, wato bashi. Akwai wanda zai ce ka dawo jibi har jibin ya zama wata na gaba, alhali kai ka riga ka ƙona fetur ka biya yara. Yanzu rabi nake karɓa a farkon wata, kuma wanda ya saɓa sau biyu nakan janye cikin mutunci ba tare da mun ɓata ba.

Darasin da ya fi yi mini tsada shi ne na famfon injin. Kwana huɗu kafin Babbar Sallah, kafet sun taru, na tsaya ciniki da wata Hajiya na bar injin yana aiki bindiga a rufe. Ruwan da ke zagayawa cikin famfo idan ba ya fita zafi yake ɗauka, kuma 'yan mintoci sun isa su lalata robobin da ke riƙe matsin. Da na dawo na matsa kunama, sai ruwa ya fito kamar na buta. Kwana biyu na yi tsakanin makanike da masu kayan gyara, da kuɗin da na ranta, yayin da masu kafet suke kwashe kayansu suna kai wa maƙwabcina. Tun daga ranar na buɗe wa injin asusunsa daban, inda nake zuba kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya shigo kafin in taɓa sauran, kuma daga nan ake sayen baƙin mai, filogi, tiyo da robobi. A cikin asusun nan ne kuɗin inji na biyu suka taru, wanda yanzu ƙanena yake ɗorawa a adaidaita sahu yana zagaya gidajen da muke da yarjejeniya da su, ni kuma ina tsare bakin titi.