Kwamishina Maigret da Sauran Masu Bincike na Finafinan Baƙi da Fari

A majalisun shayi na Maradi, idan aka ambaci fim ɗin ƴan sanda, abin da ke faɗo wa yawancin matasa a rai shi ne tseren motoci da ruwan harsashi. Alhali kuwa akwai wani tsohon nau'in fim na binciken kisan kai, wanda ya yi tashe daga wajen 1930 zuwa 1960, lokacin da yawancin finafinai ba su da kala, inda mai bincike yakan kai ƙarshen labari da tambaya da sauraro da haƙuri. Kusan dukkan nagartattun cikinsu daga littafi aka ciro su, kuma a ganina wannan ne ya hana su tsufa, domin marubuci ya riga ya zauna ya ƙulla kowane zare a muhallinsa tun kafin a ɗauki kyamara.

Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle shi ne wanda kowa ya fi sani. Basil Rathbone ya fito a matsayinsa a finafinai 14 daga 1939 zuwa 1946, na farkonsu kuwa shi ne The Hound of the Baskervilles, inda hazon daji da kukan kare cikin dare suka yi rabin aikin tsoratarwa. Ina jin daɗinsu, amma ina da ƙorafi a kan yadda suka mayar da Dokta Watson, abokin Holmes, wani dattijo mai shiririta don a yi dariya, alhali a littafi likitan soja ne mai hankali wanda ya yi aiki a Afganistan.

Waɗanda aka ciro daga littattafan marubutan Amurka sun fi waɗannan nauyi. Dashiell Hammett ya taɓa yin aikin bincike da kansa a kamfanin Pinkerton kafin ya kama rubutu, shi ya sa mutanen littafinsa The Maltese Falcon na 1930 suke magana irin ta waɗanda suka saba da ƙarya da cin amana. An yi fim ɗinsa sau biyu, a 1931 da 1936, ba su yi wani tasiri ba, sai a 1941 John Huston, wanda shi ne karonsa na farko na ba da umarni, ya bi zancen littafin sau da ƙafa, ya ba Humphrey Bogart matsayin Sam Spade, mai binciken da ke cikin labarin. Yawancin fim ɗin a cikin ɗakuna yake, mutum uku ko huɗu suna zaune suna ciniki a kan gunkin wani tsuntsu, kowa yana ɓoye wa kowa abin da ke cikinsa. Da yake babu kala da za ta ɗauke ido, sai mai kallo ya koma yana karanta fuska: wane ne ya kau da kai, wane ne hannunsa ya yi rawa, wa aka bari rabin fuskarsa a cikin inuwa. A ƙarshe Spade ya miƙa matar da yake so ga ƴan sanda saboda ita ce ta kashe abokin aikinsa, kuma ba a yi masa kuka ko kiɗan tausayi mai tsawo ba.

Ba kowane littafi ne ya tsallaka zuwa fim lafiya ba. Daga 1934 aka tsaurara dokokin tace finafinai a Hollywood, waɗanda suka hana a nuna mai laifi ya tsira, suka kuma hana bayyana wasu nau'o'in alfasha ko da a baki ne. Wannan ya taɓa The Big Sleep na 1946, wanda Howard Hawks ya yi daga littafin Raymond Chandler na 1939, domin an lulluɓe ainihin sana'ar da wasu mutanen labarin ke yi, an kuma sauya ƙarshensa, har labarin ya cukurkuɗe. Da masu fim ɗin suka kasa gane wanda ya kashe direban gidan Janar Sternwood, attajirin da ya ɗauki mai binciken aiki a labarin, sai suka aika wa Chandler da tambaya, shi ma ya ce bai sani ba. Haka nan And Then There Were None na 1945, wanda René Clair ya yi daga littafin Agatha Christie: a littafi mutum goman da aka tara a tsibiri babu wanda ya fita da rai, a fim kuwa an bar biyu, bisa ƙarshen da ita marubuciyar ta yi wa wasan dandamali na labarin a 1943. Na fi son ƙarshen littafin, domin shi ya fi dacewa da ɗacin labarin.

Mu da muka yi boko da Faransanci muna da wata ƙofa da ta fi kusa da mu, wato Kwamishina Maigret na Georges Simenon, marubuci ɗan ƙasar Beljik wanda ya rubuta littattafai 75 a kan wannan ɗan sanda na Paris. Tun 1932 Jean Renoir ya yi La Nuit du carrefour, inda yayansa Pierre Renoir ya fito a matsayin Maigret, amma wanda ya fi shiga raina shi ne Maigret tend un piège na 1958, wanda Jean Delannoy ya ba da umarninsa, Jean Gabin kuma ya saka rigar kwamishinan. Wani mutum ne yake kashe mata da dare a wata tsohuwar unguwar Paris. Maigret ya lura cewa mai kisan yana da girman kai, sai ya shirya kamun ƙarya, ya bari ƴan jarida suka yayata cewa an cafke mai laifi, ya kuma baza ƴan sanda mata a lunguna, domin ya san mutumin ba zai jure a jingina wa wani aikinsa ba.

Abin da ya bambanta Maigret da Holmes shi ne inda kowannensu yake kallo. Holmes yana duban tokar taba da sawun takalmi, ya haɗa lissafi, ya fitar da suna. Maigret kuwa yakan shiga gida ya zauna da lofensa a baki, ya ji yadda uwa take magana a kan ɗanta, ya ga yadda matar ɗan take dubanta, har ya gane cewa mutumin da yake nema ya girma ne a tsakanin mata biyu da kowace ke son ta mallake shi. Yana yi mini kama da dattijon unguwa da aka kawo wa rikicin gado, wanda ba ya yanke magana sai ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Doguwar tambayar da ya yi wa wanda ake zargi a ofishinsa ita ce zuciyar fim ɗin, kuma babu duka a cikinta, babu azabtarwa, sai dai kwamishina mai nauyin jiki yana zagaya kujera, yana sassauta murya, yana ɗaga ta, har mutumin ya karye. Marubutanmu na Hausa da ke sakin labarai kashi-kashi a WhatsApp suna da gwanintar rubuta kishi da rikicin uwar miji da matar ɗa, kuma ina ganin da ɗayansu zai ɗora binciken kisa a kan irin wannan gida a unguwar Zariya ko Bagalam da ke Maradi, da kayan aikinsa sun riga sun cika.

Wanda ya kalli wannan ya gamsu, sai ya nemi Maigret et l'affaire Saint-Fiacre na 1959, shi ma na Delannoy da Gabin. A nan Maigret ya koma ƙauyen da aka haife shi, inda mahaifinsa ya yi wa gidan masu sarautar garin aikin kula da dukiya. Uwargidan da ya sani tun yana yaro ta faɗi ta mutu a coci, bayan ta ci karo da labarin jarida na ƙarya cewa ɗanta ya kashe kansa, wanda aka cusa mata cikin littafin addu'arta, kuma wanda ya cusa ɗin ya san tana da ciwon zuciya. Babu wuƙa, babu guba, babu harsashi, saboda haka dole kwamishina ya gano wanda zai amfana da mutuwarta daga cikin mutanen da ke cin abincinta, kuma a teburin cin abinci ɗaya aka tara su duka kafin gaskiya ta fito.